Tarin da Ke Gefe na Biyu

A Hull muka tashi, shekarar da jiragen kamun kifi
suka daina fita, tsatsa ta kama su a tasha.
Ubana na zaune, hannu biyu ba abin riƙewa,
ni kuwa na ci bashin piyano mai lantarki,
biyan wata-wata har ashirin da huɗu.
Ya dube shi ya ce, "Wannan akwatin kukan kyanwa
shi zai ciyar da kai?"
Na ce i. Ban san ƙarya na yi ba.

Mu huɗu ne.
Lorna ke rerawa, gashinta rabi fari rabi shuɗi,
ita ta ranɓaɗa mana kwalli, mu maza,
muka ratsa titi 'yan dako na mana ihu.
Desmond na jita, kiɗa uku ya iya, ya riƙe su gam.
Gethin na ganga, ɗan Wales mai ciwon asma,
kullum da kwalbar maganin tari a aljihun kwat.
Sunan jikin kwalbar muka ara ya zama namu,
don mai gidan rawa na tsaye da alli
yana jiran abin da zai rubuta a allo.

Faifan farko, guda ɗari biyar.
A teburin uwata muka manna bangonsa da gam,
wasu har yau da tabon shayi a kai.
Wani mai shirin dare a rediyo ya sa shi,
ya kuskure gudun injin, muryar Lorna ta koma ta tsuntsu.
Haka mutane suka so ta.
Haka muka ci gaba da kaɗa ta, da sauri, ba mu faɗa wa kowa ba.

Mun kai na goma sha bakwai a jerin ƙasa.
Talabijin ta kira mu London, aka watsa mana hayaƙi,
jitar Desmond ba waya, gangar Gethin an toshe ta da soso,
muna motsa baki, faifai na waƙa.
Ubana ya kalla a mashaya.
Aka ce ya saya wa kowa kofi ɗaya, ya fita bai ce uffan ba.

Na biyu kamfani ya biya.
Suka kawo wani mai farin takalmi da na'urar da ba ta gajiya,
ba ta makara, ba ta tari.
Gethin ya zauna a baranda sati shida yana cika wasan kalmomi,
sannan ya hau jirgin ƙasa.
Mun ga tafiyarsa ta taga. Ba wanda ya sauka.
Faifan ya fito sumul kamar tangaran,
ya kwanta a shaguna.
Na uku yana wani sito, in ɓera bai riga mu ba.

Lorna na sayar da gidaje a Leeds yanzu.
Desmond ya tuba, yana kaɗa wa coci kiɗansa uku.
Ni ina bin makarantu ina gyaran piyano.
Gethin, hunturun da ya wuce,
ƙirjin ya ci nasara.

Jiya a shagon gwanjo, tsakanin tsofaffin kofuna,
na ga fuskokinmu, fam ɗaya.
Yarinyar kanti ta ce, "Ka san su?"
Na ce, "Sama-sama."

Na kai gida na juya gefe na biyu.
Minti biyu da 'yan daƙiƙu, inda kiɗa ke ɗauke numfashi,
akwai tari ɗaya, ƙarami, can baya.
Lokacin ba mu da kuɗin sake ɗauka,
mun yi sati muna masa faɗa a kai.

Na ɗaga allura na mayar.
Ya sake tari.
Na mayar.
Shayina ya huce a kan taga,
ruwan sama na dukan kogin Humber.